Tarihin Baƙin Piet da Daren Kyaututtuka a Ƙasar Holan

A tsakiyar watan Nuwamba na kowace shekara, wani jirgin ruwa mai tururi yakan tsaya a gaɓar ɗaya daga cikin garuruwan ƙasar Holan. Wani dattijo mai farin gemu ya sauko daga ciki, sanye da jar alkyabba da doguwar hula irin ta bishof, yana dogara sanda mai ruwan zinare da lanƙwasasshen kai. Sunansa Sinterklaas. Magajin gari ne ke tarbarsa, a ɗora shi bisa farin doki a zaga gari da shi, gidan talabijin na ƙasa kuma yana nuna komai kai tsaye. Daga wannan rana har zuwa daren 5 ga Disamba, yaran ƙasar ba su da wata hira sai tasa. Fiye da shekara ɗari, waɗanda ke tafe a gefen dokin, suna riƙe masa linzami suna watsa wa yara alewa, su ne barorinsa da ake kira Zwarte Piet, wato Baƙin Piet. Turawa ne suka shafe fuska da baƙin fenti, suka zana jajayen leɓɓa masu kauri, suka ɗora hular murɗaɗɗen gashi, suka maƙala manyan 'yan kunne na zinare. Dattijon da baran nasa ba tare suka shigo tarihi ba. Tsakaninsu akwai ratar ƙarnuka, kuma a cikin wannan rata ne amsar yawancin gardamar da aka yi a kansu take.

Sinterklaas lanƙwasa sunan Sint Nikolaas ne, wato Waliyyi Nikolas, bishof na birnin Myra a ƙarni na 4. Garin yana gaɓar kudancin Turkiyya ta yau, inda ake kira Demre. Kiristoci suna tunawa da shi ranar 6 ga Disamba, ranar da aka ce ya rasu. Labarin da ya fi shahara a kansa na wani talaka ne mai 'ya'ya mata uku, wanda ya rasa dukiyar da zai haɗa su da ita zuwa gidan miji, a zamanin da yarinyar da ba ta da wannan dukiya ba mai aurenta, kuma abin da ke jiranta bauta ce ko karuwanci. Nikolas ya riƙa zuwa cikin dare yana jefa ƙullin zinare ta taga, ƙulli ɗaya ga kowace yarinya, don kada a san daga inda alherin ya fito. Wasu ruwayoyi na baya suka ce zinaren ya faɗa ne cikin takalma ko safunan da aka shanya a bakin murhu. Daga nan aka samo ginshiƙai biyu na bikin, kyautar dare da ɓoye mai bayarwa. A shekarar 1087 wasu matuƙan jiragen ruwa suka kwashe ƙasusuwansa daga Myra zuwa birnin Bari na Italiya, sunansa ya ƙara bazuwa a Turai ta yamma. Matuƙa da 'yan kasuwa suka ɗauke shi majiɓincinsu, saboda haka garuruwan bakin teku suka cika da majami'u masu sunansa. Tsohuwar majami'ar Amsterdam ma da sunansa aka keɓe ta.

A ƙarni na 16 aka yi babbar ɓaraka a addinin Kirista, arewacin ƙasashen Holan ya bi tafarkin Furotesta, masu ƙyamar girmama waliyyai. Birnin Amsterdam ya koma hannunsu a 1578. Malaman majami'a suka matsa wa hukumomin garuruwa, a ƙarni na 17 aka yi ta kafa dokokin hana kasuwar Nikolas, da hana sayar da gurasar da aka toya da siffarsa, har da hana yara ajiye takalma. A Jamus, Martin Luther ya karkatar da rabon kyauta zuwa Kirsimeti. A Holan dokokin ba su kashe bikin ba, cikin gida suka kora shi. Abin da ya bar titi da majami'a ya koma hannun iyaye da kakanni, ya zama sha'anin iyali, kuma wannan ne ya ba shi ƙarfin da ya ɗore har yau.

Akwai shaidar ido ta yadda bikin yake a wancan zamani. Mai zane Jan Steen ya zana shi a cikin shekarun 1660, hoton yana rataye a gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. A tsakiya wata 'yar ƙaramar yarinya ce ta rungume 'yar tsana da bokiti cike da kayan zaƙi, uwa ta miƙo hannu tana zolayarta, ita kuwa ta noƙe. A gefe yayanta yana kuka, domin tsumagiya ya tarar a takalminsa, ƙanensa yana nuna shi yana dariya. Wani babban yaro ɗauke da jariri yana nuna bututun hayaƙi, inda aka ce kyaututtukan sun biyo. Can baya kaka tana yafuto mai kukan zuwa bakin labulen gado, alamar ta ɓoye masa wani abu. Takalmi yana nan, tsumagiya tana nan, gurasa da alewa suna nan. Waliyyin ba ya cikin hoton, domin ba a ganinsa a lokacin, kuma babu wani baƙin bara ko kusa.

A wasu sassan Turai, Nikolas ya daɗe yana tafe da wani abokin tafiya mai ban tsoro wanda aikinsa hukunta yaran da ba sa jin magana. Jamusawa suna da Knecht Ruprecht, mutanen Ostiriya da duwatsun Alps suna da Krampus mai ƙaho da sarƙa, a gabashin Faransa akwai Père Fouettard mai bulala, a Suwizalan akwai Schmutzli. Dukansu dodanni ne ko tsofaffi masu dauɗa da kunkunniya a fuska. Wasu marubuta sun yi ƙoƙarin jingina Piet da waɗannan, wasu suka kai shi har ga baƙaƙen hankakin gunkin Jamusawan dā, Wodan, wasu suka ce shaiɗan ne da waliyyin ya ɗaure ya sa shi yi masa hidima. Akwai kuma labarin da ake ba yara cewa wani yaro ne Bahabashe da Nikolas ya fansa daga bauta, shi kuma ya zaɓi ya zauna da shi don godiya. Mai yiwuwa ne aikin tsoratarwar ya samo asali daga waɗancan dodanni. Amma siffar, wato fata da gashi da leɓɓa da tufafi, tana da tushe na dabam, kuma rubutattun shaidu a kanta daga ƙarni na 19 suka fara.

A shekarar 1850 wani malamin makaranta a Amsterdam mai suna Jan Schenkman ya fitar da ɗan littafin yara mai hotuna, Sint Nikolaas en zijn Knecht, ma'ana Waliyyi Nikolas da Baransa. Wannan littafi ne ya tsara bikin yadda aka san shi yanzu. Shi ya kawo waliyyin cikin jirgin tururi, wanda sabon abu ne a lokacin, daga ƙasar Sifaniya. Shi ya nuna shi yana shiga gari a bainar jama'a, yana tafiya da doki bisa rufin gidaje. Shi kuma ya sa masa baƙin bara a gefe, mai ɗaukar kaya da taimakawa wajen cusa yaran banza cikin buhu. Baran ba shi da suna a littafin. A wani bugu na baya aka sa masa kayan yaran fada na ƙarni na 16 da 17, wando mai kumburi iya gwiwa, riga mai launi, hula mai gashin tsuntsu. Littafin ya yi ta fita bugu bayan bugu har cikin ƙarni na 20. An gwada wa baran sunaye iri-iri a garuruwa dabam-dabam, kafin Pieter, a taƙaice Piet, ya rinjayi sauran.

Shekarar 1850 tana da muhimmanci, domin a lokacin bauta halal ce a dokar ƙasashen da Holan ke mulka. An kafa Kamfanin Indiya ta Yamma na Holan a 1621. Ya ƙwace tsibirin Curaçao a 1634, ya mayar da shi zangon tara bayi da sayar da su. A 1637 ya karɓe babban gidan Elmina, a gaɓar Ghana ta yau, daga hannun mutanen Fotugal, kuma tutar Holan ba ta sauka daga kansa ba sai 1872, da aka miƙa shi ga Birtaniya. A 1667 ƙasar Suriname, a arewacin Kudancin Amurka, ta shiga hannun Holan, ta cika da gandayen rake da kofi. Jiragen Holan sun tsallaka da 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa hayin Atlantika. An hana fataucin bayi ta teku a 1814, amma bautar kanta ba a soke ta a Suriname da Curaçao ba sai ranar 1 ga Yuli 1863, shekara goma sha uku bayan littafin Schenkman. Ko a nan, masu bayin aka biya diyya, gilda 300 kan kowane mutum a Suriname, waɗanda aka 'yanta kuwa aka tilasta musu ci gaba da aiki a gandaye na ƙarin shekara goma, har 1873. Tun kafin nan, attajiran Amsterdam da na Hague sun saba da ajiye ƙananan yara baƙaƙe a gida don nuna arziki, kuma masu zane sun bar hotunansu da yawa: yaro tsaye a gefen uwargida ko riƙe da dokin maigida, da ɗan kunne, da tufafi masu ƙyalli. Wanda ya jera waɗannan hotuna kusa da na Piet ba ya buƙatar dogon bayani. A daidai wannan ƙarni ne kuma wasannin Turawan Amurka masu shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi suka yaɗu har Turai.

Ƙarni na 20 ya yawaita Piet ya kuma sauya halinsa. A 1934 birnin Amsterdam ya fara babbar tarbar Sinterklaas ta shekara-shekara, a 1952 talabijin ta fara nuna tarbar ƙasa. Bara ɗaya ya zama goma, goma suka zama ɗaruruwa, kowanne da aikinsa, akwai shugabansu, akwai mai nuna hanya, akwai mai naɗe kyaututtuka. Har wajen shekarun 1960, Piet abin tsoro ne, dodon da uwa ke kira idan yaro ya ƙi cin abinci, mai tsumagiya da buhun da zai tafi da mai laifi Sifaniya. Da ra'ayin tarbiyya ya canza, aka karɓe tsumagiyar, aka mayar da shi ɗan barkwanci mai tsalle-tsalle da shirme, mai ɓatar da jirgi, mai mance kaya, yana magana da gurɓataccen Holanci da karin harshen mutanen Suriname. Yara suka daina gudunsa, suka koma sonsa fiye da waliyyin kansa. Tsarin dai bai motsa ba: farin dattijo mai hikima bisa doki, baƙaƙen wawaye a ƙasa.

Ba a fahimtar zafin gardamar da ta biyo baya sai an san abin da bikin yake a cikin gida. Daga ranar da jirgin ya iso, yaro yakan ajiye takalminsa a bakin murhu ko ƙofa kafin ya kwanta, ya sa karas ko 'yar ciyawa a ciki domin dokin, wani lokaci da zanen da ya yi ko takardar abin da yake so, ya rera waƙa ya tafi barci. Da safe karas ya ɓace, a wurinsa akwai lemo, ko kuɗin cakulan, ko 'yar ƙaramar kyauta. Shaguna sukan cika da ƙananan biskit masu kayan ƙamshi da ake kira pepernoten, da harufan cakulan, inda kowa ke samun harafin farko na sunansa. Tun daga 2001 akwai labaran talabijin na musamman ga yara, Sinterklaasjournaal, da ake gabatarwa kullum da yamma da cikakkiyar fuskar labarai, ana ba da rahoton halin da jirgi da kaya suke ciki. Malamai da 'yan sanda da magadan gari duk suna cikin wasan, ba mai tona asiri. Yaro yakan kai shekara bakwai ko takwas kafin ya gane iyayensa ne.

Daren 5 ga Disamba shi ne daren kyaututtuka. Iyali sun taru, sai a ji an buga ƙofa da ƙarfi, wani hannu ya watso alewa cikin ɗaki, yara su ruga su tarar da buhu cike a bakin ƙofa, ba kowa. Inda yara suka girma, al'adar takan ɗauki wani salo da mutanen Holan ke ji da shi ƙwarai. Makonni kafin ranar ake jefa ƙuri'a, kowa ya zaro sunan mutum ɗaya a asirce. Sai ya saya masa kyauta mai sauƙin kuɗi, ya ɓoye ta cikin wani abin da ya ƙera da kwali da takarda da manne, mai nuni da halin mutumin: mai yawan latti ya samu ƙaton agogo, mai son ƙwallo ya samu fili. Tare da ita akwai baitoci masu amsa-amo da aka rubuta da sunan Sinterklaas ko Piet, ana yi wa mai karɓa ba'a kan abin da ya yi a shekarar, kuma dole ya karanta da ƙarfi a gaban kowa kafin ya buɗe. Ɗa yakan tsokani uba, suruka ta tsokani suruki, ba a fushi, domin waliyyi ne ya faɗa. Godiya ma ga waliyyin ake yi. Ga miliyoyin mutane wannan dare shi ne mafi daɗin abin da suke tunawa na ƙuruciya, kuma Piet yana tsakiyarsa. Saboda haka duk lokacin da aka ce siffar wariyar launin fata ce, abin da kunnuwa da yawa suka ji shi ne ana zagin uwarsu da ta ɗinka rigar da kakansu da ya shafa fentin.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce baƙin na kunkunniya ne, tunda Piet ta bututun hayaƙi yake shiga gidaje. Masu suka sun daɗe suna tambayar yadda hayaƙi ke murɗe gashi, ya kumbura leɓɓa, ya huda kunne, ya bar riga fes. Ƙorafi ya girme wannan zamani. Tun a shekarun 1960 wasu Turawan ƙasar suka ba da shawarar a mayar da Piet fari. Abin da ya sauya lissafi shi ne zuwan mutanen da ake kwaikwayo. Gab da samun 'yancin Suriname ranar 25 ga Nuwamba 1975, dubun dubatan 'yan ƙasar suka ƙaura Holan, mutanen Curaçao da Aruba suka biyo, daga baya 'yan Ghana da wasu 'yan Afirka suka cika unguwar Bijlmer a kudu maso gabashin Amsterdam. Su ne ake nunawa a titi a watan Nuwamba ana kiransu Piet, 'ya'yansu ne ke dawowa daga makaranta suna tambaya ko fatarsu dauɗa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1987 'yar wasa Gerda Havertong, 'yar asalin Suriname, ta faɗa a shirin yara na Sesamstraat cewa wannan lokaci ba na murna ba ne ga baƙaƙen mutane da yawa. A 2006 gidan talabijin ya gwada Piet masu fuska shuɗiya da koriya da ja, da hujjar cewa jirgin ya ratsa bakan gizo. Masu kallo suka yi ca, shekara mai zuwa aka koma baƙi.

Ranar 12 ga Nuwamba 2011 aka yi tarbar ƙasa a garin Dordrecht. Wasu matasa biyu, Quinsy Gario, haifaffen Curaçao, da Jerry Afriyie, mawaƙin baka haifaffen Ghana, suka tsaya cikin taro sanye da riguna masu rubutun da ke cewa Zwarte Piet wariyar launin fata ne. 'Yan sanda suka kayar da su ƙasa suka ja su, wani ya ɗauki bidiyo, ya bazu a intanet. Daga baya ofishin sauraron koken jama'a na ƙasa ya ce kamun bai dace ba. A 2013 maganar ta fita waje, lokacin da wani kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan mutanen da ke da asalin Afirka ya nemi bayani daga gwamnati, shugabarsa kuma, masaniyar tarihi Verene Shepherd 'yar Jamaika, ta soki al'adar a fili. Martanin ya zo da ƙarfin da ba a zata ba. Wani shafin kare Piet a Facebook ya tara magoya baya fiye da miliyan biyu cikin 'yan kwanaki, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 17 ba a lokacin. Firaminista Mark Rutte ya ce sunan ma ya nuna Piet baƙi ne, shi ba abin da zai iya yi. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta shirin EenVandaag a shekarar ta nuna kashi 89 cikin ɗari ba sa son a taɓa siffar. Masu suka, musamman baƙaƙen mata da suka yi magana a talabijin, suka sha zagi da barazanar kisa da cewa su koma inda suka fito, alhali da yawansu a nan aka haife su.

Shekaru bakwai da suka biyo baya na kotu ne da titi. A watan Yulin 2014 wata kotu a Amsterdam ta yanke cewa Piet mummunar siffa ce ta baƙar fata, ta umarci magajin gari Eberhard van der Laan ya sake duba izinin tarbar. A watan Nuwamba babbar kotun da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati ta soke wannan, tana cewa hurumin magajin gari tsaro ne da zaman lafiya, abin da ke cikin biki ba nasa ba ne. Kwana uku bayan haka aka kama mutum 90 a tarbar ƙasa a Gouda. Ƙungiyar Kick Out Zwarte Piet, wadda Afriyie ya zama fuskarta, ta riƙa fita zanga-zangar lumana kowace shekara. A 2015 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya nemi Holan ta kawar da siffofin da ke tuna bauta. A 2016 jami'ar kare haƙƙin yara ta ƙasa, Margrite Kalverboer, bayan ta saurari yara da kansu, ta ce siffar tana iya jawo tsangwama da wariya, ita ma ta sha barazana. A Nuwamban 2017 wasu mutanen lardin Friesland suka tare babbar hanyar A7 da motocinsu, suka hana motocin masu zanga-zanga isa garin Dokkum, kotu ta yanke wa fiye da 30 daga cikinsu hukuncin aikin al'umma. A 2018 a Eindhoven, 'yan daban ƙwallo suka jefi masu zanga-zanga da ƙwai da gwangwanaye a gaban yara.

Ana wannan, sauyi yana tafiya a hankali ta ƙasa. Makarantun manyan birane suka fara, aka cire 'yan kunne, aka rage jan leɓe, aka bar lanƙwasa harshe. Mafitar da ta karɓu ta fito ne daga hujjar masu kare al'adar da kansu: idan kunkunniya ce, to a shafa kunkunniya. Haka aka samu Piet mai ɗishi-ɗishin baƙi a kumatu da goshi, da fatarsa da gashinsa na ainihi. Gidan talabijin na RTL ya bar baƙin fenti a 2016, tarbar Amsterdam ta bi, a 2019 kuma tarbar ƙasa a Apeldoorn da labaran yara na talabijin suka koma ga masu kunkunniya zalla. Kisan George Floyd a Amurka a watan Mayun 2020 ya cika dandalin Dam na Amsterdam da dubban masu zanga-zanga. Kwanaki kaɗan bayan haka Rutte ya shaida wa majalisa cewa ra'ayinsa ya sauya, bayan ya ji daga bakin baƙaƙen iyaye irin abin da 'ya'yansu ke fuskanta, ko da yake ya ce gwamnati ba za ta kafa doka ba. A watan Agusta Facebook ya hana hotunan shafa baƙi a fuska, manyan shaguna suka kwashe kayan tsohon Piet, ɗakunan karatu da yawa suka sauke littattafansa. Ƙuri'ar EenVandaag ta 2020 ta nuna masu son a bar siffar yadda take sun ragu zuwa kashi 55.

Ƙauyuka da ƙananan garuruwa sun fi jinkiri. A Nuwamban 2022 a Staphorst, gungun mutane suka tare motocin masu zanga-zanga suka farfasa su. Wata guda bayan haka, ranar 19 ga Disamba 2022, Rutte ya nemi gafara da sunan gwamnati kan rawar da Holan ta taka a bauta, ranar 1 ga Yuli 2023 kuma Sarki Willem-Alexander ya maimaita neman gafarar da bakinsa a wurin tunawa da 'yanta bayi a Amsterdam, bikin da mutanen Suriname ke kira Keti Koti, wato tsinke sarƙa. A yankin Flanders na Beljiyam, inda yara ke samun kyautarsu da safiyar 6 ga Disamba, gidajen talabijin da masu shirya biki sun karkata ga Piet mai kunkunniya ba tare da irin wannan rikici ba. Makamanciyar muhawarar tana gudana a Sifaniya kan sarki Baltasar na bikin 5 da 6 ga Janairu, wanda Turawa masu fenti suka daɗe suna fitowa a matsayinsa, da kuma a Iran kan Haji Firuz, mai baƙar fuska da jajayen kaya na bikin sabuwar shekara. Santa Claus na Amurka, wanda sunansa daga Sinterklaas ya fito ta hanyar tsohon garin New Amsterdam da ya zama New York, bai gaji baran ba, domin ya ɗauki siffarsa tun kafin littafin Schenkman ya fito.

Ƙungiyar Kick Out Zwarte Piet ta sanar cewa za ta naɗe tabarmarta ranar 5 ga Disamba 2025, tana ganin yawancin abin da ta fito nema ya samu. A mafi yawan garuruwan Holan yanzu sunan ya koma Piet kawai, mata da maza na kowane launi suna sa rigar. Jirgin yana zuwa a Nuwamba, magajin gari yana tarba, yara suna sa karas a takalmi domin farin dokin, wanda tun 2019 ake kira Ozosnel bayan an yi wa tsohon dokin, Amerigo, ritaya. A daren 5 ga Disamba kuma ana buga ƙofa, a jawo buhu ciki, kowa ya karanta baitocinsa kafin ya buɗe kyautarsa.